Sabis Ɗina, Sunan Ɗan Baffana

Injin motata ya buga a hanyar garke, da tankin ruwa cike a bayanta. Ba ta yi tari ba, ba ta yi gargaɗi ba. Ƙara ɗaya ta yi, kamar an jefa guduma cikin tukunya, ta tsaya. Na fito na buɗe gaba na leƙa, ko da yake ban san abin da nake nema ba. Mutane suna wucewa, bai kamata su gan ni tsaye hannu sake ba.

Akori-kura ce fara. Sabuwa na saye ta, a kamfani, a Akaba, ba a hannun dillali ba. Akwai irinta guda a garinmu, amma a lokacin ba na maganar mai ita. Tawa ita ke kai wa tumakina ruwa da sha'ir can gabas da Ma'an, inda babu rijiya. Ranar da na saye ta aka ce mini tana da garanti: duk abin da ya lalace a inji kamfani zai gyara, muddin ina kawo ta sabis a kan lokaci. Na ce na ji. Ni kuwa in na ce na ji, to na ji. Ban taɓa saɓawa ba. In lokaci ya yi sai in sa wankakkiyar riga, in kama hanyar Akaba, in zauna a ɗakinsu mai sanyi har su yi juyen baƙin mai su ba ni makullina.

Saboda haka hankalina bai tashi ba. Aka kira janwe. Na shiga gaba kusa da direban, ina yi masa bayanin garanti kamar ni na ƙirƙiro shi. Har na ba shi shawara ya daina sayen kwance.

Sunana Miflih ɗan Salman ɗan Miflih. Ana ce mini Abu Hayil. A garinmu wannan ya isa, har ya yi yawa. A kamfani kuwa akwai mai karɓar motoci, Muhannad, mai gemu kamar an zana shi da biro. Duk zuwana sai ya tambaye ni lambar mota. Duk zuwana sai in ce masa ni ba fursuna ba ne da za a kira ni da lamba, in jero masa sunana da na ubana da na kakana. Sai ya yi murmushi ya ce an gama, Baffa, ya danna kwamfutarsa. Abin yana yi mini daɗi. A zatona tarbiyya nake koya masa.

Wannan karon bai tambaye ni komai ba. Motar tana kan janwe a bakin ƙofa, lambarta tana kallonsa. Ita ya danna. Ya daɗe yana duba. Murmushin ya tafi.

"Baffa, motar nan ba ta taɓa zuwa sabis ba."

Na ce ya sake dubawa. Ya sake. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar wai in gani da idona. Karatuna bai wuce sunana da alamun hanya ba, amma in na ga wofi ina gane shi. Ranar da aka sayar da ita ce kawai a rubuce. Ƙasanta fari fat.

Na nuna masa kujerar da nake zama. Na tuna masa ranar da ya zo aiki da mura, na ce ya dafa na'ana'a da zuma, ya ce zai yi, na kuma san bai yi ba. Ya ce ya tuna. Ya ce ai duk gidan nan babu wanda zai manta da ni. Ban gane ko yabo ba ne.

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Baffa. Abin da ke rubuce nake faɗa."

Wannan ya fi zagi. Da ya ce na yi ƙarya, na san abin da zan yi da shi. Amma me mutum zai yi da gilashi?

Ya tambayi takardun da suke ba ni bayan kowane sabis. Takardu ne masu kyau, busassu, ashana ɗaya ke kama su. Da su nake hura wutar gahawar safe. Ya tambayi 'yar takardar da suke mannawa a gilashin gaba. Na ce tun kafin in fita ƙofarsu nake ɓare ta, ba na son a liƙa mini abu a gaban ido. Da kai a sama na faɗi duk wannan, kamar ina lissafa yaƙe-yaƙen da na ci.

Ya ce tunda babu sabis babu garanti. Bakanikensu ya duba, ya ce inji sai sabo. Muhannad ya rubuta kuɗin a takarda ya turo mini. Lamba kam ina ganewa in na mayar da ita tumaki. Rabin garken ne, kuma rabin da ke da ciki.

Na ce a kai ni wurin babbansu.

Ustaz Ra'id sunansa, mutumin Amman. Ofishinsa a sama, bango duk gilashi, ƙamshin turarensa ya riga shi gaishe ni. Ya miƙe, ya ba ni hannu, ya ce Alhaji ya zauna. Ba shi da laifi wajen ladabi. Aka shigo da gahawa a finjali, aka miƙo mini.

Na karɓa. Na ajiye ta a kan tebur a gabana, ban sha ba. Na naɗe hannu na kalle shi.

A wajenmu ko yaron goye ya san wannan. In ka zo da buƙata mai nauyi, ba ka shan gahawar mai gida. Ka ajiye. Shi kuma ba zai bari gahawarsa ta huce a gaban baƙo ba, sai ya ce ka sha, abin da ka zo nema ka samu. Da finjali ɗaya a ƙasa na ga an kashe rigimar jini. Inji kuwa ai bai kai jini ba.

Ustaz Ra'id yana ta bayani da hannu biyu. Sharuɗɗa, ofishin Amman, masu ƙera motar a ƙasarsu. Can idonsa ya faɗa kan finjalin. Na gyara zama.

"Ta yi ɗaci ko, Alhaji?"

Ya danna ƙararrawa, aka kawo wata mai sukari. Na ajiye ta kusa da ta farko. Ya ce ko shayi na fi so. Aka kawo shayi da na'ana'a. Na ajiye. Aka kawo lemo da ƙanƙara. Na ajiye. Kafin ya gama bayaninsa gabana ya zama kamar teburin mai shayin tasha. Ya tambaye ni ko azumi nake. Na ce a'a. Ya rage murya, ya ce ko ciwon suga ne, mahaifinsa ma da shi yake fama, akwai wani likita nagari a Amman in ina so.

Ba a yi wa wannan abu bayani. In ka ce wa mutum ka ga fa na ajiye, to ka koma mai roƙo. Na zuba wa ƙanƙara ido tana narkewa.

Da na buɗe baki, magana ɗaya na yi. Na ce na kawo motar duk lokacin da aka ce in kawo, kuma tun da nake ba a taɓa neman takarda a kan maganata ba. Ya ce ya yarda ni dattijo ne, amma da da magana suke aiki, da kowa ya zo da tasa. Ya ce saboda girmana zai yi mini rangwame.

Rangwame. Na miƙe, na bar masa kofunansa. A tasha na sayi ruwa, na zagaya bayan ginshiƙi na shanye, don ƙishirwa ta kusa kayar da ni.

Kafin magariba na isa gida a motar haya. Ummu Hayil, matata, tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Na ba ta labari a taƙaice, na cire maganar kofuna. Ba ta ɗago ba. Sai ta tambaye ni in na je can wane suna nake ba su. Na ce ina da wani suna ne ban da nawa? Ta ce in faɗa ta ji. Na faɗa. Ta ce in sake faɗar na ubana. Na sake. Sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

A nan dole in ambaci mai ɗaya farar motar. Ɗan baffana ne, Abu Nawwaf. Ubana Salman, ubansa Sulaiman, uwa ɗaya uba ɗaya, kowannensu kuma ya sa wa ɗansa na fari sunan kakanmu. Ni Miflih ɗan Salman ɗan Miflih, shi Miflih ɗan Sulaiman ɗan Miflih. A takarda, da rubutun Larabci, harafi ɗaya ne tsakaninmu. A bakina kuwa, tun da haƙoran gaba suka yi sallama da ni, ko wannan harafin babu.

Mun daɗe ba ma magana. A wani zaman sulhu ne, tsakanin danginmu da wasu, a kan kiwo. Tanti cike da mutane. Dattijon da ke jagoranta ya ce Miflih ya yi magana a madadin gidansu. Ni ne babba. Kafin in tattara rigata, Abu Nawwaf ya miƙe ya fara. Ya yi magana, aka sasanta, aka sha gahawa, aka yaba masa. Tun ranar ban taka tabarmarsa ba. Da na sayi mota, bai jima ba shi ma ya je kamfanin ya sayo irinta, har launi. Na ce dama kwaikwayo sana'arsa ce.

Matan gida ba su shiga faɗan ba. Ummu Hayil tana zuwa wajen Wadha, matarsa, kamar kullum. Can ta ji cewa kamfanin nan yana yawan aiko wa Abu Nawwaf saƙo a waya, suna gode masa da ya kawo mota sabis. Shi bai taɓa kai ta ba. Wajen mai facin bakin hanya yake juye, da baƙin man durom, shi ma sai in ya tuna. Ya ɗauka kamfanin ne kawai masu ladabi. Da Sallar da ta wuce har fulas suka aiko masa, mai tambarinsu, wai kyautar wanda bai taɓa fashin sabis ba. Mata sun daɗe suna dariyar abin.

"Fulas ne mai riƙe zafi," in ji ta. "Na sha shayinsa ba adadi. Ashe naka ne."

Na ce me ya hana ta faɗa mini tun tuni.

"Kai ka ce kada a ambaci sunansa a gidan nan. Na kuwa sha wuya, tunda sunanka ne."

Washegari na buga wa Muhannad waya, na ce ya duba Miflih ɗan Sulaiman. Sai da na faɗa sau da yawa kafin ya ji bambancin. Na daɗe ina jin ƙarar danne-danne. Daga baya ya ce ba shi da ikon yi mini maganar takardun wani. Sai dai in mai su ya zo da kansa ya ce ba nasa ba ne.

Na ce to a bar shi. Na ɗauki hayar tankar ruwa, na je garke na fara zaɓen waɗanda zan sayar. Na gaya wa kaina tumaki ne kawai, wasu za su haihu. Na kusa yarda da hakan.

Ranar Juma'a, a ƙofar masallaci, wani maƙwabci ya dafa ni. Ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya mayar da alheri, amma gaskiya mota sabuwa tana son a riƙa kai ta sabis. Direban janwe ya riga ya zaga gari da labarin. Mutumin da na yi wa wa'azin garanti tun daga garke har Akaba.

A nan na gane. In na biya kuɗin injin nan, na sa hannu ke nan cewa ban taɓa zuwa ba. Tumaki zan iya sayarwa. Wannan ba zan iya ba.

Da na koma gida Ummu Hayil ta ƙara mini da wani. Wadha ta ce Abu Nawwaf zai sayar da motarsa. Wani dillali zai zo daga Ma'an bayan la'asar, kuma abin da ya ɗaga kuɗinta shi ne ba ta taɓa fashin sabis ba, ga saƙonni a waya shaida. Ta faɗi haka tana kallon tukunya. Sannan ta ce wankakkiyar rigata tana kan igiya.

A ƙafa na je. Farar motarsa tana ƙofar gida, an wanke ta, har yanzu da ledar kamfani a kujerunta. Na yi sallama. Mutane kaɗan ne a ɗakin baƙi, ga dillali da carbi, ga wayar Abu Nawwaf a hannunsa yana dubawa.

Abu Nawwaf ya tsufa fiye da yadda nake hango shi daga mota. Ya miƙe. Ya ce marhaba da Abu Hayil, kamar jiya muka rabu. Ya zaunar da ni a saman ɗaki. Ya ɗauki butar gahawa da kansa, ya ɗanɗana ta farko, ya zuba ta biyu ya miƙo mini.

Na karɓa. Na ajiye a kan tabarma.

Carbin dillali ya tsaya. Wani da ke tari ya haɗiye tarinsa. Bayan abin da na gani a Akaba, sai da na ji wani sanyi a raina, ganin ina cikin mutanen da suka san finjali.

Abu Nawwaf ya kalli gahawar, ya kalle ni. Yana da ikon ya jinkirta, ya kuwa yi amfani da ikonsa. Ya tambayi tumaki. Ya tambayi gwiwata. Ya tambayi yadda nake ganin damina bana, da tsadar sha'ir, da ko ɗana Hayil yana nan a aikin soja. Na amsa kowace da kalma ɗaya. Tururin gahawa yana raguwa. Na ga fuskarsa ta cika da irin annurin mai shirin yin kyauta a gaban jama'a. Ya san motata ta mutu. A zatonsa aro na zo nema, ko rance.

"Ka daɗe ba ka taka tabarmar nan ba, ɗan baffana," ya ce, "ka zo kuma za ka sa gahawata ta huce a gaban mutane. Sha. Abin da ka zo nema ka samu."

Na sha. Na girgiza finjalin na mayar masa. Sannan na faɗa, tun daga janwe har harafin da ke tsakanin ubanninmu. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce abin da nake so ya bi ni Akaba ya gaya musu bai taɓa kai motarsa sabis ba.

Annurin ya sauka a hankali. Dillali ya ajiye wayar a kan matashi, ya sa carbi a aljihu, ya tuna ana jiransa a Ma'an.

"Wato ni ne ban taɓa sabis ba," in ji Abu Nawwaf.

"Kai ka sani."

"Garantina fa?"

"Nawa ne."

Ya duba kusurwar ɗaki, inda abin yake a kan tire, yana ƙyalli.

"Fulas ɗin fa?"

"Shi ma."

Mutanen ɗakin suka kasa riƙewa. Shi bai yi dariya ba. Ya ce da ya san wannan ne, da ya bar gahawar ta daskare a wurin. Amma ya riga ya faɗa, a gaban shaidu. Ya ce gobe da safe, kuma ni zan zuba mai.

Tuƙinsa kamar mai ɗauke da ƙwai. Manyan motocin kaya suna ta wuce mu suna hon. Ledar kujera tana manne mini a baya. A haka muka kai gangaren Naƙab. A nan, idonsa a kan hanya, ya ce ranar sulhun nan shi dattijon ya kalla. Na ce ni ya kira. Ya ce kallo ya fi kira. Na ce ga wanda ba ya jin kira. A kan haka muka shiga Akaba.

Muhannad ya ga tsofaffi biyu da jan rawani iri ɗaya. Ya tambayi sunan baƙon. Abu Nawwaf ya jero nasa. Muhannad ya kalle ni, ya kalle shi, ya miƙe ya kai mu sama.

Abu Nawwaf ya yi wa Ustaz Ra'id bayani. Ya ce tun da ya fita da motarsa daga gidan nan bai dawo ba, don shi ba ya biyan kuɗin sanyin ɗaki a cikin kuɗin baƙin mai. Ustaz ya saurara. Ya ce kada mu ji haushi, amma mu 'yan'uwa ne, ta yaya zai san ba shiryawa muka yi a gida ba? Zuciya ta ɗebe ni, na fara miƙewa. Abu Nawwaf ya danne mini gwiwa, mai ciwon.

Ustaz ya ce akwai hanya mai sauƙi. Duk sabis suna rubuta nisan da mota ta yi. Ya sauka da kansa, muka bi shi. Ya leƙa motar Abu Nawwaf, ya duba takarda. Ya je gareji ya leƙa tawa, ya duba takarda. Nisan da aka rubuta a sabis na ƙarshe, motar Abu Nawwaf ko rabinsa ba ta yi ba tun da aka ƙera ta. Ba ya fita da ita sai biki ko jana'iza, don tsoron kuɗin mai. Tawa kuwa kaɗan ta ɗara shi. Rowar da na shekara ina zaginsa a kanta, ita ta tsaya mini shaida.

Muka koma sama. Ustaz ya ce babu gardama, sabis nawa ne, za a mayar da shi sunana. Na ji kamar an sauke mini buhu. Sai ya ƙara da cewa amma. Kuskuren, in ji shi, daga wajena ya faro, tunda Muhannad ya ce kullum ana tambayata lamba ina hanawa. Don haka kamfani zai ba da inji, ni in biya kuɗin aiki.

Na ce duk zuwana motar takan wuni a garejinsu da lamba gaba da baya. Waɗanda suka buɗe cikinta ba su da ido ne? Ya ce su da takardar da aka miƙo musu daga tebur suke aiki. Na ce to wa ya rubuta takardar? Ya ce wanda aka hana lamba. Na ce lambar ba a aljihuna take ba, a jikin mota take, taku kaɗan daga kujerarsa. Muhannad yana bakin ƙofa yana nazarin takalminsa. Muka yi ta zagaye a wuri ɗaya. Kuɗin aikin bai kai rago biyu ba. Amma in na biya ko sisi, gobe a ƙofar masallaci za a ce an raba laifi.

Aka shigo da gahawa. Na karɓa, na ajiye. Abu Nawwaf ya kalle ni ta gefen ido, ya ajiye tasa kusa da tawa.

Ustaz ya miƙa hannu wajen ƙararrawa. "Ko shayi za a kawo?"

Ni ko zan mutu a kujerar nan ba zan yi masa bayani ba. Abu Nawwaf kuwa bai taɓa jin nauyin buɗe baki ba. Ya tambaye shi shi ɗan wane gida ne. Ustaz ya faɗa. Ashe asalinsu mutanen Karak ne, kakansa ma a tanti aka haife shi.

"To ɗana, kakan naka in baƙo ya ajiye finjali a gabansa, lemo yake aikawa a kawo?"

Ustaz ya kalli finjalan biyu. Ya kalle ni. Hannunsa ya sauka daga ƙararrawa.

"Wato ranar nan, Alhaji..."

"Ranar nan," na ce.

Ya dafe goshi. Ya ce har maganar likita ya yi mini. Na ce ya yi. Ya ce wallahi ya ɗauka an daina wannan tun zamanin kakansa. Ya jima kansa a ƙasa. Sannan ya ce shi ba zai iya faɗar abin da kakansa zai faɗa ba, don gidan ba nasa ba ne, ma'aikaci ne. Amma abin da ke hannunsa zai yi.

"Ku sha, Alhazai. Kuskuren na teburinmu ne, haka zan rubuta wa Amman. Ba za ka biya komai ba."

Gahawar na'ura ce, ta huce, ba ta da daɗi. Na shanye. Ina sha ina lura cewa Abu Nawwaf ya sake yin magana a madadin gidanmu, ni babba ina zaune. Kuma ta sake ci.

A ƙasa Muhannad ya buɗe sabuwar takardar gyara. Ya gyara murya. Ya yi magana a hankali, kamar mai taɓa kare mai barci.

"Baffa, lambar mota?"

Na yanke shawarar yau zan ba shi. Na buɗe baki. Babu komai a ciki. Ban san ta ba. Tun da na sayi motar ban taɓa tsayawa na karanta ba.

Abu Nawwaf ya faɗe ta daga bayana, tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ba. Muhannad ya danna, ya ce daidai. Na juya na tambaye shi ina ya san ta.

"Safe da yamma tana wuce ƙofata ba ta tsayawa. Me kake so in kalla, ƙeyarka?"

Kafin injin ya iso daga Amman, da motarsa muke kai wa tumaki ruwa. Ni ke zuba mai, shi yana gefe yana cewa na cika gudu, kuma kada in yaga masa leda. Garantinsa ya tafi, dillali bai dawo ba. Na ce masa ranar da zan karɓo tawa za mu shigar da tasa a yi mata juye na kirki, ni zan biya. Ya ce asarar kuɗi ce, amma tunda ba nasa ba ne ya yarda.

Na je ƙofar masallaci na tsaya inda maƙwabcin nan zai gan ni. Ban ce masa komai ba. Abu Nawwaf ya riga ya ba kowa labari, har da na kofuna, wanda ban san inda ya samo shi ba. Yanzu in na shiga shago sai a tambaye ni ko lemo za a kawo.

Fulas ɗin yana gidansa. Na ce ya bar shi can, tunda can nake shan shayin la'asar. Maganar sulhu kuwa ba mu gama ba. Ni aka kira.